Kannywood da karatun jami'a: Abin da ilimi mai faɗi ke ƙara wa ɗan wasa

A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, mai hedikwata a Jos. Jarumin da masoya ke kira Sarkin Kannywood bai karanci wasan kwaikwayo a digirinsa ba. Ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ya yi bautar ƙasa, sannan ya tsunduma cikin harkar fim a ƙarshen shekarun 1990. Tarihinsa ya taɓo tambayar da duk matashi mai sha'awar fitowa a fim ke cin karo da ita: ya shafe shekara huɗu a jami'a tukuna, ko kuwa ya kama hanyar Titin Gidan Zu a Kano, inda ofisoshin masu shirya finafinai suka taru, ya fara ɗaukar wa darakta jaka har Allah ya sa a gan shi?

Tambayar ta fi nauyi a ƙananan hukumomi irin su Makoda, a arewacin Jihar Kano, inda ƙidayar 2006 ta nuna akwai mutum sama da 220,000, akasarinsu manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, da masu noman rani a gefen madatsar ruwan Tomas. Matashin Koguna yana kallon Labarina da Izzar So a wayarsa kamar yadda ɗan Fagge ke kallo, ko da kuwa sai ya je wajen masu turi an zuba masa. Amma shekara huɗu a jami'a, a gidan manomi, damina huɗu ce da za a yi babu hannunsa a gona, ga kuɗin rajista da na abinci. Dole iyali su auna abin da za a samu da abin da za a rasa.

Malaman makaranta ne suka share fagen

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai tashe a watan azumi, akwai wasan gauta a gidajen sarauta, akwai kalankuwa da samarin ƙauye ke yi bayan an kawar da amfanin gona, inda ake naɗa wani gwamna, wani alƙali, wani ɗan sanda, a kwaikwayi masu mulki a gaban jama'a. Rubutaccen wasa na dandamali kuwa ta ƙofar makaranta ya shigo. A shekarun 1930 Dokta Rupert East na ofishin talifi da ke Zariya ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa don amfanin ɗalibai. Abubakar Tunau ya biyo baya da Wasan Marafa a 1949, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya mayar da wani wasan Shakespeare Hausa da sunan Daren Sha Biyu.

Abin da matasa masu bin siyasa ba su cika sani ba shi ne, Malam Aminu Kano marubucin wasan kwaikwayo ne tun kafin ya zama jagoran NEPU. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake tsara wasanni masu sukar zaluncin En'e da algus a kasuwa, ya ci gaba da haka lokacin da yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ma a zamanin da yake malamin makaranta ya jagoranci wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da daga baya aka san ta da sunansa. Duk wanda ya taɓa jin yadda Ɗanmasani ke sarrafa murya a gaban taro, a Kano ko a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya inda ya wakilci Najeriya, zai gane cewa dandamali ya bar masa gado.

Fim ɗin Shaihu Umar na 1976 shi ne misalin da ya fi fito da dangantakar karatu da wasa. Littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, shi ma malamin makaranta a lokacin da ya rubuta shi. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali a Jami'ar Ahmadu Bello, Adamu Halilu ya ba da umarnin fim ɗin, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Labari ne na bauta da fatauci da ratsa Sahara da neman ilimi a ƙarshen ƙarni na 19. Mai fitowa a irin wannan matsayi sai ya san yadda malamin wancan zamani ke zama a buzu, da irin Hausar da ke fita daga bakinsa, da abin da kalmar bawa ke nufi ga mutumin da aka raba da uwarsa yana yaro. An gyara kwafin fim ɗin a Jamus, aka sake nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018, shekara 42 bayan fitowarsa.

A Zariya ɗin dai, a 1975, Michael Etherton ya assasa koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Sashen Turanci na jami'ar. An gina wa ɗalibai dandamali da jar ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, wanda har yau ake amfani da shi. Malamai irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa fita da ɗalibai zuwa Samaru da Soba da Maska da Bomo. Tsarin shi ne ɗalibi ya zauna da manoma, ya ji kukansu kan taki da gona da rashawar ma'aikata, a tsara wasa tare da su, a yi shi a dandalin gari, sannan a zauna a tattauna. Ɗalibin da ya bi ta wannan hanya yakan fito da sanin tattalin arzikin ƙauye da siyasar ƙaramar hukuma, ba iya haddar layi kaɗai ba. Irin wannan wasa, da a ce ya yaɗu, ƙauyukan Makoda da Ɗambatta ne za su fi kowa cin moriyarsa.

Masana'antar da ta tashi a wajen jami'a

Kannywood ba daga waccan tsatson ta fito ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwannin Kano ne suka haife ta, waɗanda suka goge a gidan talabijin na jiha, CTV. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, tare da Ibrahim Mandawari a gaba. Sunusi Shehu Daneji na mujallar Tauraruwa ya raɗa wa harkar suna Kannywood a 1999. Daga nan finafinai irin su Sangaya da Wasila suka kafa salon soyayya da waƙa da rawa da aka aro daga Indiya. Koyon sana'ar ya kasance irin na kowace sana'ar Bahaushe: yaro ya kama ubangida, ya yi hidima, a fara ba shi fitowa ɗaya.

Wannan hanya ta fitar da gwanaye, kuma babu mai gaskiyar da zai musa. Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, bai taka jami'a ba, amma har yau ba a sami mai barkwancin da ya kama ƙafarsa ba. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya riƙe masu sauraro da masu kallo shekaru da dama daga Kaduna. Sai dai akwai abin lura a tarihin mutanen biyu. Ibro ya yi shekaru yana aikin gandiroba, yana ganin kowane irin ɗan Adam a cikin ƙunci, ga sanin ƙauye da ya taso da shi daga Ɗanlasan. Samanja tsohon soja ne, Hausar bariki da ta sa ya yi suna kuwa a barikin ya tsince ta. Kowannensu ya zo gaban kyamara da guzurin sanin duniya. Ɗan shekara 18 da ya gama sakandare jiya ya faɗo Titin Gidan Zu ba shi da bariki, ba shi da gidan yari, ba shi kuma da aji. Abin da ya sani shi ne finafinan da ya kalla, don haka su zai maimaita.

Wasu daga cikin manyan harkar sun gane wannan giɓi da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In da So da Ƙauna, ta makarantar manya ta yamma ya yi karatun boko, daga baya ya yi difloma a fannin aikin jarida a Jami'ar Bayero. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma karatu a ajin manya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, ta kuma shirya fim ɗin tarihi Juyin Sarauta.

Inda rashin karatu ke fitowa fili

Harshe ne wurin farko. Hausa ba ɗaya ba ce: Sakkwatanci daban, Katsinanci daban, Zazzaganci da Dauranci da Gudduranci kowanne da tafiyarsa, kuma Hausar fada ba ita ce ta tasha ba. Ɗan wasan da ya zauna a ajin nazarin harshe ya san ka'idar waɗannan bambance-bambance, ba zai mayar da karin harshen wasu abin dariya kawai ba. Turanci kuma shi ne ya buɗe wa 'yan Kannywood ƙofar kudu. Ali Nuhu ya sami lambar yabo ta finafinan Afirka a 2007 saboda rawar da ya taka a Sitanda. Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad sun fito a Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018. Rahama Sadau ta fito a Up North, har ta kai ga fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz kashi na biyu, a 2022. A ɗaya gefen kuma, gurɓataccen Turancin da ake rubutawa a ƙasan finafinan Hausa ya daɗe yana jawo wa masana'antar ba'a.

Sai abin da labarin ya ƙunsa. Tun da tashar Arewa24 ta fara Daɗin Kowa a 2015 da Kwana Casa'in a 2019, masu kallo suka saba da labaran da ke taɓa ta'addanci da zaɓe da kasafin kuɗi da aikin jarida. Mai fitowa a matsayin gwamnan Alfawa ko kakakin majalisa, idan bai san yadda ake tsige gwamna ko abin da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ke yi ba, a fuskarsa ake gani. Haka nan lauya da likita da alƙali. Masu kallo da suka san aikin suna ganewa nan take idan aka cakuɗa tsarin kotun majistare da na kotun shari'ar Musulunci. Mafi haɗari shi ne fiƙihu. Kusan babu fim ɗin Hausa da ba ya taɓa aure ko saki ko idda ko gado, kuma kuskure ɗaya a nan kan isa gidajen da malamin unguwa bai taɓa shiga ba. Wani kaso na sukar da malamai ke yi wa finafinai daga irin wannan yake tasowa, kuma suka ce mai tushe. Fim ɗin Mai Martaba, wanda Najeriya ta zaɓa a 2024 don ya wakilce ta a gasar Oscar, ya nuna cewa labaran sarauta da tarihi suna da kasuwa a waje, su kuwa ba a yin su da ka.

Doka, kwangila da ranar da aka daina kiran mutum

Ɗan wasa a Kano yana aiki ne ƙarƙashin hukumomi biyu: hukumar tace finafinai ta tarayya da aka kafa a 1993, da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a. A zamanin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, daga 2007, an ɗaure Adam A. Zango, an ɗaure Ibro, a ƙarshen 2008 kuma wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗinsa Tsintsiya. A Mayun 2025 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha wanda shi kansa ɗan wasa ne, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin sakin su ba tare da tacewa ba. Ko mutum na goyon bayan hukumar ko yana adawa da ita, wanda ya iya karanta dokar da ta kafa ta ya fi wanda sai an karanta masa.

Batun kuɗi ya fi wannan ciwo. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da Bata ta durƙushe, harka ta koma YouTube da tashoshin talabijin, inda shiri ke ci gaba da kawo wa mai tashar kuɗi shekaru bayan an sallami ɗan wasa. A farkon 2022 dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa sau da yawa naira 2,000 zuwa 5,000 ake ba ta a fim. Wasu manyan daraktoci da furodusoshi sun musanta, suka faɗi abin da suka ce sun biya ta. Abin da hayaniyar ta fallasa shi ne yawancin cinikin da baki ake yi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi haƙƙoƙi na musamman ga masu wasa, amma doka ba ta bin mutum gida. Sai wanda ya san da ita, ya kuma nemi a rubuta yarjejeniya.

Sana'ar kuma ba ta da tabbas, musamman ga mata, waɗanda aure ko dakatarwa ke iya raba su da ita dare ɗaya. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki tare da ClassiQ. Tana da Turanci, ta kuma yi digiri a fannin kula da ma'aikata a jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin Cyprus, ta koma shirya finafinanta da kanta. Ba kowace jaruma aka kora ta sami inda za ta dafa ba.

A 2016 ɗin ne kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Ƙofa, ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai da jama'a sun yi ca a kai. Cikin abin da aka tsara har da makarantar koyon fim. Masu adawa sun zo da hujjojinsu a kan mumbari da Facebook, masana'antar kuwa ba ta iya fito da amsa mai gamsarwa a harshen addini ko na tattalin arziki ba kafin a rufe maganar. Aka rasa makarantar da wataƙila ita ce za ta gyara abin da ake kuka da shi.

Abin da Indiya ke yi

Tun da Indiya ce madubin Kannywood, ya dace a duba yadda take tarbiyyar 'yan wasanta. Babbar makarantar wasan kwaikwayo ta ƙasar da ke Delhi, wadda aka kafa a 1959, ba ta ɗaukar ɗalibi sai yana da digiri a wani fanni. Daga cikinta Naseeruddin Shah da Om Puri da Irrfan Khan suka fito, haka ma Nawazuddin Siddiqui, ɗan manoma wanda ya fara da digirin kimiyyar haɗa sinadarai. Amitabh Bachchan kimiyya ya karanta a Jami'ar Delhi, Shah Rukh Khan kuma tattalin arziki. A Masar, Adel Imam aikin gona ya karanta a Jami'ar Alƙahira, a dandamalin jami'ar ya fara wasa. Kannywood ta ari rawa da waƙa daga Indiya, wannan ɓangaren ne ba ta ara ba.

Hanyoyin da ke buɗe, da tsadarsu

Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin wasan kwaikwayo a Tsangayar Sadarwa, Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos su ma suna da nasu. A Jos akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, ƙarƙashin hukumar da Ali Nuhu ke shugabanta, da kwalejin talabijin ta NTA. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta rarraba kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, ɗaya daga ciki nazarin fim ne. Kowane ɗalibin jami'a kuma, ko me yake karanta, sai ya bi ta darussan bai-ɗaya na Turanci da al'adun Najeriya da falsafa da sana'o'in dogaro da kai. Binciken ilimi a kan finafinan Hausa ma ya yi nisa tun taron da Farfesa Abdalla Uba Adamu da abokan aikinsa suka shirya a Kano a 2003, wanda aka buga takardunsa a littafi a shekarar da ta biyo baya.

Jami'ar ba ta rasa nata aibun ba. Manhajar wasan kwaikwayo ta fi karkata ga dandamali da adabin Turanci, alhali kasuwar Kano ta kyamara ce da Hausa, kuma kayan aiki sun yi ƙaranci. Yajin aikin ASUU ya ci wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, wanda ke nufin digirin shekara huɗu ya zama na biyar ko shida, a sana'ar da ƙuruciya jari ce. Furodusa ba ya tambayar takarda wajen zaɓen 'yan wasa, kuma mai digirin da ya raina koyon aiki a hannun wanda bai yi boko ba yakan koma gida da takardarsa. Saboda haka masu hankali ke haɗa biyun: karatu a zangon karatu, zuwa wurin ɗaukar fim a lokacin hutu. Ga ɗalibin Bayero wannan abu ne mai yiwuwa, tunda masana'antar da jami'ar gari ɗaya suke.

Ta fuskar kuɗi, Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista sosai a 2023, har gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 'yan jihar 7,000, ta kuma rage rabin kuɗin manyan makarantu mallakar jiha. Tun 2024 asusun ba ɗalibai rance na tarayya, NELFUND, ke biyan kuɗin makaranta tare da naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Bashi ne marar ruwa, amma bashi ne, za a biya bayan an gama.

Ga ɗan sakandare a Makoda, shawarar tana farawa tun kafin a zo maganar JAMB. Kwas ɗin wasan kwaikwayo na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma Adabin na cikin darussan da zai rubuta a jarabawar JAMB. Wanda bai ɗauki darasin ba tun ajin farko na babbar sakandare, ko makarantarsu ba ta da malaminsa, ƙofar ta rufe masa ta nan. Sauran ƙofofin su ne digirin Hausa ko Tarihi ko Nazarin Addinin Musulunci ko aikin jarida, ko ya yi NCE ko difloma a makarantu irin su Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, ko IJMB a kwalejin share fagen shiga jami'a ta CAS da ke Kano, sannan ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, inda digirin ke ɗaukar shekara uku. Kafin duk wannan akwai jarabawar tantancewa da gwamnatin Kano ke yi wa 'yan aji biyu na babbar sakandare, wadda sakamakonta ke nuna waɗanda za a biya wa kuɗin NECO.